Mun dawo daga Kwarhi, wa za ta amsa mini da waƙa?

Maman 'Yan Biyu:
Salama 'yan uwa. To mun sauka lafiya daga babban taron ƙasa na Zumuntar Matan Ekklesiya ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da aka yi a Kwarhi, hedkwatarmu kusa da Mubi, jiki duk ya yi tsami murya ta dushe amma zuciya fes. Maimakon in yi ta zuba muku hotuna data ɗinku ya ƙare bari in jefa baiti, wadda ta je da wadda ba ta je ba kowa ta amsa, sharaɗi ɗaya ne da waƙa za a amsa, in kin iya ki riƙe amsa-amon da na ɗauko in ya gagara ki sako naki. Maza ma ba a hana ku ba amma a shigo da hankali.

Godiya ga Uba da Ɗa da Ruhu,
Da ya kai mu Kwarhi ya dawo da mu lafiya.
Tun asuba muka bar Biu da waƙa,
Direba na tuƙi yana ta dariya.
Mun ratsa Garkida mun ɗaga hannu,
Can aka soma ikilisiyarmu, a gindin tsamiya.
Gombi ta wuce, Hong ta wuce,
Mararraba ta ce mana sannu da tafiya.
Da na shiga fili sai na tsaya cak,
Ba masaka tsinke, mata ne gaba ɗaya.
Bura da Margi, Kilba da Kamwe,
Zani iri guda, 'ya'yan Ekklesiya.
'Yar uwa in kin je ki ba mu labari,
In ba ki je ba, faɗi dalili da gaskiya.

'Yar Michika:
Amin Mama, na karɓa kuma ban saki amsa-amonki ba

Na je, na gani, na taka rawa,
Ƙafata ta kumbura kafin safiya.
Mu namu kusa ne, ta Uba muka bi,
Na Legas da Abuja su suka sha wuya.
Matan Maiduguri sai da suka zaga
Ta Damaturu, don halin da ake ciki a hanya.
Shingen soja, a sauka a hau,
Ba wadda ta ce za ta juya baya.
Da dare tabarma na gogar tabarma,
Sauro na nasa, mu muna Halleluya.
Layin wanka tun kafin zakara,
Kowacce da bokitinta a bakin rijiya.
Amma da tulu ya ɗauki amo,
Kacau-kacau ya amsa, wa ya tuna da gajiya?

Mijin Ma'aji:
An ce maza su shigo da hankali, to da hankalin na shigo, iyayena mata a yi mini afuwa, ni ma ina da nawa rahoton taron amma daga ɓangaren gida

Kun tafi taro kun bar mu da tukunya,
Na hura wuta, hayaƙi ya ba ni kunya.
Na tuƙa tuwo ya fito da gudaji,
Miya ba gishiri sai uban yaji.
Auta ya ƙi ci, wai Mama yake jira,
Akuya ta shige ta cinye masara.
Kuɗin mota ni, na zani ma ni,
Tun da aka cire tallafin mai ake gasa ni.
Tambayata ɗaya ce ku ba ni amsa,
Me ke Kwarhi da sai an je nesa?

'Yar Michika:
hhhh Baba sannu, wallafa wannan ma ai jarumta ce

Mama Fasto:
Bari ni in amsa masa tunda ɗana ne a cikin Ubangiji

Sannu da hayaƙi ɗana, sannu da aiki,
Kwana nawa ne har ka fara raki?
Ita shekara take a bakin murhu,
Ba wanda ya ce mata je ki huta a ɗaki.
Ka ce me ke Kwarhi da babu a gida,
Buɗe Titus biyu a Littafi Mai Tsarki:
Manyan mata su koya wa ƙanana
Riƙon gida da kamun kai da kirki.
Can takan ga wadda ta fi ta damuwa
Tana yabon Allah har ka yi mamaki.
An yi nazarin Kalma, an yi na sana'a,
An yi zancen lafiyar yaro da ta mai ciki.
Batun kuɗin mota kuwa, yi shiru ɗana,
Gyaɗarta ta sayar, mun san kan zancen sarai tun biki.

Mijin Ma'aji:
Mama na janye. Ashe har zancen gyaɗar ya kai Kwarhi. Na koma kicin.

Mai Ludayi:
Tunda an taɓo kicin to ni ma ina da magana, don duk masu cewa taro ya yi daɗi ba su san ta inda daɗin ya fito ba, ni ina cikin kwamitin abinci kuma ba yau na fara ba

Ku kuna fili kuna ta tsalle,
Mu muna bayan fili, 'ya'yan Marta.
Shinkafa da wake da garin masara,
Kowace gunduma ta kawo nata.
Itace ɗanye, ido na ruwa,
Layi ya miƙe, kowacce da kwanonta.
Mai cewa ƙara mini, mai cewa ba nama,
Mai zuwa sau biyu ta sauya kallabinta.
Ban ga fuskar mai wa'azi ba ko sau ɗaya,
Daga lasifika na ɗan tsinta.
Yesu ya ce Maryamu ta zaɓi rabo mai kyau,
Na yarda, Luka goma na karanta.
Amma baɗi a yi mana canjin hannu,
Maryamu ta karɓi ludayi, Marta ta huta.

Maman 'Yan Biyu:
Gaskiyarki Mai Ludayi, Allah ya sāka. Ta sauya kallabin nan kuwa na san ta amma bakina alaikum.

Autar Zumunta:
Iyayena ku gafarce ni. Ni ina Abuja kuma ban je ba, Mama ta ce wadda ba ta je ba ta faɗi dalili da gaskiya, to zan faɗa ko da za a ce yaran yanzu ba su da ta ido, abin ya daɗe yana cina kuma na san ba ni kaɗai ba ce, da yawa cikin sa'o'ina shi ya sa suke ja da baya da zumunta suna cewa ta tsofaffi ce. Na ari amsa-amon Mai Ludayi.

Ban je ba, ba don ƙin Allah ba,
Tambaya gare ni ga iyayen zumunta.
Taro ya zo, a ce a yanki zani,
Ga ɗankwali, ga gudummawa an rubuta.
Mai albashi ta biya ta wuce,
Mai sayar da itace wa ya tuna da ita?
Na san wata gwauruwa a unguwarmu,
Duk cocinmu ba mai kamar muryarta.
Ranar tafiya ta ce jiki ba daɗi,
Zanin ne babu, kunya ta hana ta.
Na biyu, mu ne ke cika benci,
Shara da girki da baiko duk na mata.
Amma in an zo yanke shawara,
Maza ne a tebur, da mu an manta.
Debora ta yi shari'a a Isra'ila,
Ran tashin Yesu Magadaliya aka fara aika ta.
In na yi rashin kunya ku yafe,
Amma tambayar nan kar a share ta.

'Yar Michika:
Kai Auta, kin sosa inda yake ƙaiƙayi. Ni dai na yi shiru sai manya sun yi magana.

Kaka Mai Tulu:
Jikata ce ke danna mini wayar ni ina faɗa, in kun ga kuskure nata ne. Auta zo kusa.

Jikata zauna ki ji ta bakin tsohuwa,
Tambayarki ta yi kyau, ba ta buƙatar afuwa.
'Yan mishan Kulp da Helser, Maris na 1923,
Sujadar fari a Garkida, ba rufi sai inuwa.
Iyayenmu mata ba anko suka sani ba,
Da ƙafa suke zuwa taro, da goyo, da ƙishirwa.
Zanin daga baya ya zo, don in an shiga fili
Kar a bambanta mai kuɗi da 'yar talakawa.
In yau shi ne ke hana wata hawa mota,
To mun juya shi, ya zama abin gyarawa.

Amma ki ji abin da ya sa nake zuwa da sanda.
2014, ke kina aji kina karantawa,
Afrilu aka kwashe 'yan matan Chibok, 276,
Yawancinsu namu ne, na Ekklesiyar 'Yan'uwa.
Oktoba Mubi ta faɗi, Kwarhi ta faɗi,
Muka bi dutse da daji, kowa na gudun mutuwa.
Hedkwatarmu sai da ta yi hijira zuwa Jos,
Wa ya ce a lokacin akwai ranar dawowa?
A gudun nan ba wadda ta tambayi zanin wata,
Kwano guda muka ci, da mai miji da gwauruwa.
2015 mawaƙanmu mata suka je Amurka,
Da waƙa suka kai kukanmu ga 'yan uwa.
Fabrairu 2020 matan gundumar Garkida na taro,
Aka shigo garin da wuta, coci na ta ƙonewa.
Allah ya fid da su, suka sake haɗuwa,
2023 muka cika ɗari, da ni aka yi rawa.
Don haka in na taka ƙasar Kwarhi
Na ga tabarmi sun cika, ba na iya zaman kujera kuwa.
Ina ƙirga fuskoki, wannan tana nan, wannan babu,
Wannan ɗiyar wance ce, ta gaji muryar uwa.

Batun tebur kuma ku kai shi Majalisar EYN,
Ku ne masu biro, mu mun yi namu da gwiwa.

Maman 'Yan Biyu:
Kaka kin sa ni hawaye da rana tsaka ina shago, mai sayen magi yana tambayata ko lafiya. Allah ya ƙara miki kwana.

Baƙuwar Jimeta:
Ban cika magana a nan ba karatu kawai nake yi, amma yau tunda zancena ake bari in sa baki da kaina, ban iya waƙa sosai ba ku yi haƙuri da ita yadda ta zo

Ni ce irin wadda Auta take faɗa,
Ku bar ni da bakina in yi bayani.
Daga bayan dutsen Gwoza na fito,
Maigida ya rasu can, kabarinsa Allah ne masani.
Yayata tana Minawao a Kamaru,
Shekaru sun tafi tana cikin sansani.
Ƙosai nake toyawa a bakin titi,
Da shi nake biyan makaranta da magani.
Bana na je Kwarhi, kun san ta yaya?
Uwar zumuntarmu ce ta ara mini zani.
Wata ta biya mota ta ɓoye sunanta,
Ko wace ce, Ubangiji ya sani.
Na ji daɗi, amma Auta ba ta yi ƙarya ba,
Aro da nauyi, ba kowa ke iya roƙon wani.
Abu ɗaya nake roƙo, iyayena:
Kar a kira ni gaba ana nuna ni,
A ɗora mini mudun shinkafa a hannu,
A ɗau hoto a sa a waya duniya ta gani.
Dokas riguna ta ɗinka wa gwauraye,
Su suka nuna bayan ta mutu, ba ita ta yi shela ba tun tuni.
In za a ba ni, a ba ni jari,
Hannuna na aiki damina da rani.

Mama Fasto:
'Yata wannan ta shige ni, don hoton nan da kike faɗa mu ma mun sha yi muna ganin kamar shaida ce muke bayarwa ga ikilisiya su san inda kuɗinsu ya tafi, ba mu tsaya mun tambayi wadda ke riƙe da mudun yadda take ji ba. Zan kai wa matan fastoci na gundumarmu maganar nan yadda kika faɗe ta, ba tare da sunanki ba. Ke kuma Auta zancen tebur ban ce ki bari ba, Fibi ma'aikaciyar ikilisiya ce Bulus da kansa ya yaba mata, Lidiya a gidanta 'yan uwa suka taru a Filibi, amma wannan ba a waƙa ɗaya ake gama shi ba, akwai hanyarsa daga majalisar coci zuwa gunduma zuwa sama kuma sai an bi da haƙuri.

Autar Zumunta:
Mama na ji, sai dai haƙurin nan tun ina 'yar Brigade, ƙungiyar 'yan mata ta coci, nake jin sunansa

Ma'aji Da Kanta:
To na ga an yi ta yanka zani ana ɗinkawa ba a tambayi mai riƙe da jaka ba. Kafin in fara, kai Baban yara, masarar da akuya ta ci a gida za mu yi zancenta ba a nan ba.

Ni ce ke riƙe da littafin,
Ku bar ni in yi maganar kuɗi.
Zanin nan da kuke ta tuhuma,
Ribarsa ba wadda ta ci don jin daɗi.
Da ita muke gai da mai jego,
Da ita ake zuwa asibiti ran Lahadi.
In an yi rasuwa, hatsi da itace
Daga nan suke fita, ba a dai faɗi.
In kun ce a soke ban ƙi ba,
Ku nuna mini madadin, shi ne sharaɗi.
Ɗaga hannu a taro ba shi da wuya,
Ranar karɓa sai a ce mini sai baɗi.
Masu babbar murya wajen gyara,
Wasunsu na cikin littafin bashi, wannan gargaɗi.

'Yar Michika:
Wayyo, Ma'aji ta zo da littafi, kowa ta duba kanta. Ni dai na biya nawa, saura na wata biyu.

Autar Zumunta:
Mama Ma'aji ban san ribar zani ce ke zuwa gidan rasuwa ba, ai da ana karanta mana rahoton a fili da ba mu yi ta zargi ba. Amma duk da haka kuɗin da za a taimaki gwauruwa da shi bai kamata ya zama shi ne ya hana ta zuwa taro ba, nan ne dai ban gane ba.

Ma'aji Da Kanta:
Ana karantawa 'yata, duk ƙarshen wata uku, lokacin ne kuke fita amsa waya.

Baƙuwa Daga Filato:
Salama matan EYN, ni 'yar ikilisiyar COCIN ce, ƙawata ta sa ni a nan, na ga zancen ya yi kama da namu sai na ce bari in ajiye abin da muka gwada a ƙaramin cocinmu, ban ce haka ake yi ko'ina ba

Gaisuwa daga kan dutse 'yan uwa,
TEKAN, tarayyar ikilisiyoyinmu, ce inuwarmu, tare muke tashi.
Ciwon nan mu ma ya taɓa mu,
Ga dai yadda muka yi da shi.
Tun Janairu muke zubi kaɗan-kaɗan,
Kuɗin mota ya taru ta adashi.
In za a yanko zani, mai hali ta ƙara,
Na marar hali ya fita, ba a kiransa bashi.
Uwar zumunta kaɗai ta san suna,
Da dare take kai wa a ƙunshi.
Tsohon zani kuma ba mu hana shi fili,
Wanda bai yage ba don me za a ƙi shi?
Ma'aji ba ta yi asara ba,
Mai ɗinka biyu ai ba a hana ta yin shi.

Ma'aji Da Kanta:
Wannan na iya zama da shi, in dai adashin a hannun mutum biyu zai kasance ba ni kaɗai ba, na gaji da a ce Ma'aji ta yi sabon kallabi daga ina.

Mai Ludayi:
Ni fa kar a manta da nawa ƙudurin a cikin hayaniyar zani

An gyara na zani, an gyara na mota,
Na bakin murhu yana nan a kwance.
A raba girki gunduma-gunduma,
Mai safe daban, daban mai maraice.
Matan Abuja masu farce,
Baɗi albasa na jiranku, na faɗa a taƙaice.

Kaka Mai Tulu:
Jikata ta ce cajinta ya kusa ƙarewa, to ga na ƙarshe

Na ji ta Jimeta, na ji ta Filato,
Na ji Ma'aji da littafinta.
Zannuwan taro na cikin akwatina,
Na shekaru da yawa, asu na ta gwada ƙarfinta.
Uwar zumuntar Biu ta aiko a ɗauka,
Ta san gidajen da za ta kai, ba sai na nuna ta.
Guda ɗaya kawai zan riƙe,
Na cikar ɗari, wannan kam ba mai karɓar ta.

Maman 'Yan Biyu:
To madalla. Ni na buɗe zancen don a yi nishaɗi ga shi ya zama zaman kwamiti, ba laifi. Ga yadda za a yi, Auta ke ce mai biro kamar yadda Kaka ta ce, ki rubuta mana abubuwan nan da Hausa mai sauƙi ba da waƙa ba: adashin mota tun farkon shekara a hannun mutum biyu, a bar tsohon zani ya shiga fili, taimakon gwauraye a kai gida ba hoto kuma a duba zancen jari, girki a yi karɓa-karɓa. Ki turo wa Mama Fasto ta duba kafin taron gunduma, kowacce kuma ta kai wa uwar zumuntarta kwafi, don in bai bi ta gunduma ba ba zai kai Kwarhi ba. Kaka zan zo da kaina ranar kasuwa in ɗauki zannuwan.

Autar Zumunta:
Na karɓa Mama, zuwa Asabar za ku gani

Huɗu kuka ba ni, zan rubuta huɗu,
Da hannu mai kyau, ba zan yi gardama ba.
Sunana a adashi ku sa shi na farko,
Baɗi ba za a yi taron nan ban je ba.
Mai Ludayi ki ajiye mini wuƙa,
Farcen zan yanke, albasa ba za ta kashe ni ba.
Amma a ƙasan takardar akwai lamba biyar,
Zancen tebur, wannan ban janye ba.

Mama Fasto:
Rubuto shi 'yata. In na ga kalmar da ta yi zafi zan sassauta, amma ba zan goge ba.